Wanda Ya Tuna Bara: Duban Fina-Finan Bikin Sarautar Ingila

Ran 6 ga watan Mayu na 2023 aka naɗa Sarki Charles na Uku a birnin Landan. An shirya jiragen sama fiye da 60 su bi ta bisa fadar Buckingham su yi masa gaisuwa, sai gari ya waye da yayyafi, gizagizai suka sauko ƙasa ƙasa. Da hafsoshi suka ga haka sai suka soke yawancinsu, aka bar jirage masu saukar ungulu da jajayen jiragen nan na wasa da a ke kira Red Arrows. Kafin mutum ya gyara tsayuwa sun wuce, hayaƙinsu ja da fari da shuɗi ya baje cikin ruwa.

Tun daga ran nan dattawan Ingila da yawa suka shiga begen da. Wannan ya ce ina ma zamanin Sarauniya, wancan ya ce a 1953 sai da jirage suka rufe rana. Da ya ke kamfanin British Pathé ya zuba tsofaffin fina-finansa na labarai wajen 85,000 a YouTube tun 2014, shaidar masu begen nan tana kusa, kowa na iya buɗewa ya gani. Mu ma mun buɗe, mun kalla tare da 'yan ajinmu, muka haɗa da babban fim ɗin naɗin Sarauniya Elizabeth ta Biyu mai suna A Queen Is Crowned. To, su za mu duba a shafin nan yau, domin fim ma abin karantawa ne kamar littafi, yana da mai tsarawa, yana da abin da ya sa gaba da abin da ya tura baya.

Bari mu fara ba su haƙƙinsu. Wanda duk ya ce fim ɗin 1953 ba shi da kyau, ko dai bai gani ba, ko kuwa yana da wata a ƙasa. An ɗauke shi da launi a zamanin da talabijin ke nuna baƙi da fari kaɗai, saboda haka ja ya fito jawur, zinariya tana ɗaukar ido, har damshin ruwan da ke bisa titi ya zama ado. Ga karusar zinariya wadda aka ƙera tun 1762, nauyinta tan 4, dawakai takwas ke janta, ba ta iya wuce tafiyar ƙafa. Ga baƙi fiye da 8,000 cikin majami'ar Westminster, kowa da mazauninsa gwargwadon daraja. Ga jerin gwano na kusan mil 5, sojan ƙasa da na ruwa da na sama, kowace ƙafa na sauka tare da 'yar'uwarta. Mawallafin wasan kwaikwayo Christopher Fry ya rubuta jawabin da ke bin hotunan, Laurence Olivier kuwa ya karanta, da murya irin wadda in ta faɗi sunan gari sai ka ji kamar ka tashi tsaye. A shekaran nan babu fim ɗin da mutanen Ingila suka fi shiga silima su gani kamarsa.

Abin da muka fi yabawa a ciki shi ne haƙuri. Masu haɗa shi ba su yi gaggawa ba. In yarinyar nan mai shekara 27 za ta taka daga nan zuwa can, sai su bar ta ta taka, mai kallo ya ga nauyin rigar da nauyin abin da a ke ɗora mata. Ku 'yan makaranta da ke rubuta insha'i a kan bikin salla, ku lura da wannan. Yawancinku kukan cika takarda da “ƙwarai da gaske” da “ba a magana”, ku manta da gaya mana launin rawanin ko yadda dokin ya yi da aka buga bindiga. Masu fim ɗin nan sun san abu guda da aka nuna sosai ya fi yabo goma.

Amma fa jawabin Fry kirari ne, kuma a kunnenmu ba baƙo ba ne. Mun saba da maroƙi a ƙofar fada. Aikinsa ya jero kakanni, ya haɗa mai sarauta na yau da na jiya har su zama kamar mutum guda, ya sa talaka ya ji shi ma yana da rabo cikin girman. Ba a tambayar maroƙi kuɗin haraji, ba a kuwa zarginsa don bai faɗa ba, gama ba don wannan aka kira shi ba. Kuskure yana wajen wanda ya ɗauki kirari ya mai da shi tarihi. Masu begen da kuwa abin da su ke yi ke nan.

Ga misali ƙarami. Wurin da ya fi kowane tsarki a wajensu cikin naɗin shi ne sa'ad da a ke shafa wa Sarauniya mai. Nan aka kawo alfarwa aka riƙe bisa kanta, aka kau da na'urorin ɗaukar hoto, ba wanda ya gani a fim ko a talabijin. Ba mu ga laifin haka ba. Mun kawo shi ne don ku gane tun daga tsakiyar bikin akwai mai cewa a nuna wannan, a rufe wancan. Karusar nan ma da ta ke tafe kamar bisa ruwa, Sarauniya da bakinta ta faɗa a wata hira da BBC a 2018 cewa zama cikinta azaba ne, don ba a yi ta domin jin daɗin tafiya ba. Abin da mutanen Landan suka fi riƙewa daga ran nan kuwa ba ya cikin tsari ko kaɗan: Sarauniya Salote ta tsibiran Tonga ce ta ƙi a rufe mata karusa, ta bi cikin ruwa tana dariya tana ɗaga wa jama'a hannu.

Yanzu sai jiragen, tun da su ne abin kukan. Makonni shida bayan naɗin, ran 15 ga watan Yuli na 1953, Sarauniya ta tafi filin jirage na Odiham ta duba mayaƙanta na sama. An jera jirage fiye da 300 a ƙasa, sa'an nan fiye da 600 suka bi ta sama rukuni rukuni cikin abin da bai kai rabin sa'a ba. Mai saukar ungulu guda ya buɗe, sababbin jiragen jet suka rufe. Ku masu son lissafi ku tsaya nan ku yi tunani. Jiragen nan ba daga fili guda suka tashi ba, gudunsu kuwa ba ɗaya ba ne, wani na rarrafe wani na ninka shi sau da yawa. Lalle ne mai sauri ya taso daga baya, ya yi ta cim ma na gabansa, amma kada ya cim masa sai sun wuce gaban rumfar Sarauniya. An yi wannan da agogo da taswira da fensir. Wallahi gwaninta ce, ba mu da abin cewa. Tun daga ran nan Ingila ba ta sake tara irin wannan a sama ba, kuma ba alamar za ta sake.

To, me ya sa ta ke da jirage haka a 1953? Fina-finan labarai ba su tsaya kan wannan ba, mai jawabi sai lissafa sunayen jirage ya ke yi, kiɗan soja na tashi. Amsar kuwa ba a ɓoye ta ke ba. Shekara 8 ke nan da ƙare babban yaƙi na biyu, yaƙin Koriya bai ƙare ba sai a ƙarshen watan Yulin nan, ana kuma tsoron Rasha dare da rana. Doka ta tilasta wa samari lafiyayyu su yi aikin soja shekara biyu, ko suna so ko ba su so. Da yawa cikin waɗanda suka goge jiragen Odiham har suna ƙyalli, suka tsaya cikin sahu tun da safe, yaran da aka ɗauko daga gidajen iyayensu ne. A waje guda kuma uwar gida ba ta sayen sukari sai da katin rabo har watan Satumba na shekaran nan, nama kuwa sai a 1954 aka sake shi. Wanda ke son jirage 600 su dawo, sai mu tambaye shi ko yana son tsoron da katin rabon su dawo tare da su, gama a buhu guda suka zo.

Akwai kuma kuɗin da ba a biya da fam. Jirgin jet da ya fi yawa a hannun mayaƙan Ingila a lokacin shi ne Meteor. A 1953 kaɗai fiye da 140 daga cikinsu suka faɗi, ba a fagen fama ba, yawanci wajen koyo da atisaye. In aka haɗa dukan shekarun da aka yi ana aiki da shi, matuƙan da suka mutu cikinsa sun kai wajen 450. Watanni tara kafin naɗin, ran 6 ga watan Satumba na 1952, wani sabon jirgi ya wargaje a sama wajen nunin jirage na Farnborough, injinsa ya faɗa cikin 'yan kallo, mutum 29 suka mutu a ƙasa ban da matuƙin, John Derry, da abokin aikinsa. Aka kwashe gawa, aka ci gaba da wasa a ran nan. Masu begen da sukan ba da wannan labari don nuna ƙarfin halin mutanen da. Ƙarfin hali kam akwai shi. Mu dai mun lura mai ba da labarin kullum yana sa kansa cikin waɗanda suka koma gida.

Sai mu koma baya kaɗan, don mu ga inda al'adar ta samo tushe. An kafa rundunar mayaƙan sama ta Ingila a 1918, ita ce auta, sojan ƙasa da na ruwa kuwa suna so a rushe ta a raba musu jiragen. Shugabanta Trenchard ya ga ba ta da mafita sai ta sa jama'a su so ta. Saboda haka daga 1920 har 1937 kowace shekara a kan yi babban wasan jirage a Hendon, kusa da Landan, 'yan gidan sarauta su zo, talakawa su yi dafifi. A 1935, da Sarki Joji na Biyar ya cika shekara 25 bisa gado, aka jera masa jirage wajen 350 a Mildenhall ran 6 ga watan Yuli, sa'an nan ya wuce Duxford ya ga wucewarsu ta sama. In kun kalli hotunan ran nan za ku ga jirage masu fiffike biyu biyu, sama da ƙasa, an ɗaure da waya, kamar fara ta sauka a gona. Shekara huɗu bayan haka yaƙi ya tashi, aka tarar yawancin irinsu sun tsufa, ba su da amfani gaban na Jamus. Ashe yawan da ya cika ido a ranar biki bai auna ƙarfi ba ko a wancan zamani.

Wasan Hendon yana da wani yanki da masu bege ba su cika ambata ba. A kan rufe shi da wasan kwaikwayo na yaƙi. A waɗansu shekaru a kan gina garin ƙarya mai kama da na ƙasashen gabas, a sa sojoji su yi shigar mutanen wurin, sa'an nan jirage su zo su yi ta sakin bam har garin ya kama wuta, 'yan kallo na tafi. Abin da a ke kwaikwaya kuwa yana faruwa da gaske. A farkon 1920 jirage suka yi wa Sayyid Muhammad Abdullahi Hassan ruwan bam a ƙasar Somaliya. Daga 1922 aka danƙa wa mayaƙan sama tsaron Iraƙi, don an ga ya fi arha a kan ajiye bataliyoyi, har ƙauyukan da suka ƙi biyan haraji suka sha bam. Ko a shekarar Odiham ma haka abin ya ke. Manyan jiragen Lincoln sun wuce gaban Sarauniya a watan Yuli, a watan Nuwamba kuwa irinsu suna sakin bam a dazuzzukan Kenya, inda a ke yaƙi da 'yan Mau Mau. Jirgi guda, wanda ke Hampshire ya ɗaga kai ya yi tafi, wanda ke gindin dutsen Kenya ya ɗaga kai ya nemi rami. Kyan ɗan maciji ke nan.

Kada ku ce wannan zancen Turawa ne, ina ruwanmu. Jiragen sama na farko da suka sauka ƙasarmu na rundunan nan ne, guda uku, suka taso daga Masar suka bi ta Sudan da Fort Lamy, wadda a ke kira Njamena yanzu, suka sauka Kano ran 1 ga watan Nuwamba na 1925. A shekaran nan kuma aka yi wa Yariman Wales hawan daba a Kano. A lokacin babban yaƙi na biyu dubban jirage sun bi ta Kano da Maiduguri daga Takoradi za su Masar, aka kuma tara kuɗi a ƙasan nan don sayen jiragen yaƙi, har aka sa wa rukuni na 91 na mayaƙan saman Ingila sunan Nijeriya. Watau cikin ƙarfen da a ke bege akwai kwabon kakanninmu. Fina-finan irin waɗannan kuwa su ne motar majigi ta riƙa yawo da su gari gari, a kafa farin ƙyalle a dandali bayan magariba, mai fassara na bayani da Hausa. Don a nuna wa irinmu aka yi waɗansunsu, saboda haka muna da bakin magana a kansu.

Muna kuma da namu begen. Wa bai taɓa jin tsoho na ba da labarin daban Kaduna na watan Fabrairu 1956 ba, sa'ad da sarakunan Arewa suka hallara da dubban dawaki gaban Sarauniya? 'Yan lifida da 'yan sulke, kakaki da algaita da tambura, a zo a guje a yi jahi a ja linzami ƙura ta turnuƙe. Mun kalli hotunansa cikin fina-finan nan, mu ma tsikar jikinmu ta tashi, ba ma musu. Hawan salla namu ne tun kafin zuwan Turawa da daɗewa. Amma kalmar daba daga Indiya suka zo da ita, inda suka saba tara sarakunan da suka ci da yaƙi su yi gaisuwa a fili guda, kamar yadda aka yi wa Sarki Joji na Biyar a Delhi a 1911. Sulken da aka sa a Kaduna kayan yaƙi ne na jikokin waɗanda aka ci a Kano da Sakkwato a 1903, shekara 53 kacal kafin ran nan. Doki da sulke sun zama ado domin an riga an karɓe musu aikinsu. Jiragen Odiham kuwa suna kan aikinsu. Mai fim ya ɗauki duka biyun da ido guda, ya sa musu kiɗa iri guda, sai mai kallo ya zaci abu guda ne.

Wani yaro a ajinmu, da muka gama wannan bayani, ya ɗaga hannu ya ce, “Malam, to, yanzu laifi ne in abin ya ba mu sha'awa?” Muka ce a'a. Wanda ya ga Concorde ta bi ta bisa fadar Buckingham a 2002 da jajayen jirage tara a bayanta, shekara guda kafin a daina tashinta, bai ji kome ba, to, a duba lafiyarsa. Haka wanda ya ga jirage 15 sun rubuta 70 a sararin sama ran 2 ga watan Yuni na 2022, tsohuwa mai shekara 96 na kallo daga baranda, saura mata wata uku a duniya. Hausawa sun ce wanda ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, kuma mun ga alamar haka wajen dattawan nan. Yawancin masu kukan 1953 yara ne a lokacin, bisa kafaɗar uba suka ga abin, ko a talabijin ɗin maƙwabta. In ka saurare su da kyau, rabin abin da su ke nema uban ne da kafaɗar, jiragen sun zo daga baya. Wannan bege ne na halal, ba mai hana su. Inda muka rabu da su shi ne sa'ad da suka mai da shi ma'auni, suka ce ƙasa ta lalace tun da jiragen bikinta sun ragu. Hafsan da ya duba gizagizai a 2023 ya ce kada a tashi, a ganinmu ya fi wanda ya ce a ci gaba da wasa a Farnborough sanin darajar ɗan mutum, ko da ya ke ba wanda zai yi fim a kansa.

Hukuncinmu a kan fina-finan dai ga shi. A Queen Is Crowned ya cancanci a gani, har sau biyu: na farko don daɗi, na biyu da fensir a hannu, ana rubuta wanda aka nuna fuskarsa da wanda aka nuna ƙeyarsa, wanda aka kira sunansa da wanda aka kira sunan ƙasarsa kaɗai. Za ku ga sojojin ƙasashen da Ingila ke mulka suna wucewa sahu sahu kamar ado a gefen riga, ba a ji ta bakin ko ɗaya ba. Fina-finan labaran jirage kuwa ba su kai shi gwaninta ba, jawabinsu na gaggawa ne, kiɗansu ya yi yawa, amma sun fi shi amfani ga mai neman sani, gama a gefen hoto a kan hango makanikai da masu share fili waɗanda mai ɗauka bai nufe su ba.

Waɗanda suka ga daban Kaduna da idonsu sun haura shekara 75 yanzu, kullum kuwa raguwa su ke yi. Duk wanda ke da irinsu a gida, ya je ya gaishe su a hutun nan ya tambaye su. Labarin ƙyallin sulke za su ba shi da kansu ba sai ya roƙa ba. Shi dai ya tambayi kwana nawa aka yi a hanya, wa ya ɗauki ciyawa da dawar dawaki, wa ya biya, ina aka kwana, dawaki nawa suka koma gida. Ya rubuta yadda aka gaya masa, da sunan garin da shekarun mai maganar, ya aiko wa Edita, za mu buga waɗanda suka fi kyau a wannan shafi.